ƁARAUNIYAR ƘOFA A CIKIN KWAMFUTA: YADDA TAKE SHIGA DA YADDA AKE TOSHE TA





GABATARWA

Kowane gidan Bahaushe yana da zaure, kuma ta zaure ake shiga. Baƙo ya yi sallama, a amsa masa, a ji abin da ke tafe da shi, sa'an nan a yi masa iso ko a sallame shi daga nan. Amma akan sami gidan da can bayansa, inda katanga ta zube ko danga ta ruɓe, akwai wata 'yar kafa wadda mai gida bai san da ita ba. Wanda ya san kafar nan ba ruwansa da sallama. Yakan shiga sa'ad da ya ga dama, ya ɗauki abin da ya yi masa, ya fita, mai gida kuwa yana zaure yana gadin ƙofar da ba ta nan ake yi masa ɓarna ba. Irin wannan kafa ake nufi da ɓarauniyar ƙofa a cikin wannan lacca, sai dai gidan da ake magana a kansa kwamfuta ce.

Maƙasudin laccar shi ne bayyana abubuwa uku: yadda wannan muguwar manhaja take aiki, da hanyoyin da take bi ta shiga kwamfutocin ɗalibai da na ofisoshi a garuruwa irin su Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da kuma matakan da ake bi a fitar da ita. Babban abin da ake so mai sauraro ya tafi da shi gida kuwa shi ne wannan: wanke kwamfuta ɗaya ba ya raba mutum da ɓarauniyar ƙofa, matuƙar ba a sauya makullai ba, kuma ba a wanke duk filashin da ke kai da kawowa tsakanin kwamfutar da maƙwabtanta ba.

MECE CE ƁARAUNIYAR ƘOFA?

Jama'a sun saba kiran kowace muguwar manhaja da sunan bairos, amma fa aikinsu ya bambanta. Wata lalata fayil take yi, wata ta kulle takardun mutum ta nemi kuɗin fansa. Ita ɓarauniyar ƙofa aikinta ta zauna shiru ta buɗe wa wani hanya. Rabi biyu gare ta. Rabi ɗaya yana ɓoye cikin kwamfutar da aka kama, ɗaya rabin yana hannun ɓarawo a kan wata babbar kwamfuta mai ba da umarni, wadda ta yiwu tana wata nahiya dabam. Da zarar an kunna kwamfutar da aka kama, aka haɗa ta da intanet, sai rabin da ke ciki ya kira na waje, ya shaida masa cewa ga shi nan, yana jiran umarni.

A nan ne wayon abin yake. Katangar tsaro da ke cikin kwamfuta an gina ta ne musamman domin ta tare baƙon da ke ƙwanƙwasawa daga waje, ba ta cika tuhumar kiran da ya fito daga ciki ba, domin kuwa haka kowace manhaja ta halal take fita neman shafi ko saƙo. Saboda haka ɓarawon ba ya bukatar fasa katanga, na ciki ne ke buɗe masa. Gaskiyar Hausawa da suka ce da ɗan gari akan ci gari.

In hanya ta buɗe, ɓarawo yana iya karanta fayil, ya kwafe shi, ko ya goge shi. Yana iya naɗe duk abin da aka buga a kan allon rubutu, har da kalmomin sirri na imel da na banki. Yana iya ɗaukar hoton abin da ke fuskar kwamfuta, ya kunna kyamara ko abin ɗaukar magana, ya kuma shigo da wasu miyagun manhajoji su yi nasu aikin.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A cikin 1984 aka buga laccar Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin Unix, inda ya nuna cewa ana iya dasa ɓarauniyar ƙofa a cikin kayan aikin da ake haɗa manhaja da su, har wanda ya karanta rubutun manhajar layi bayan layi ba zai ga kome ba. A cikin 1998 kuma aka saki NetBus a ƙasar Suwidin da Back Orifice a Amurka, watau manhajoji biyu da suka sa ko wanda bai ƙware ba yana iya juya kwamfutar wani daga nesa. Ba a daɗe ba aka ga illarsu. A cikin 1999 aka tarar da haramtattun hotuna a kwamfutar wani malamin shari'a na Jami'ar Lund a Suwidin. Malamin ya rasa aikinsa da mutuncinsa, sai a 2004 kotu ta wanke shi, bayan an tabbatar cewa an yi amfani da NetBus an juya kwamfutar tasa. Wannan darasi ne ga kowane ma'aikaci: abin da aka aikata da kwamfutar mutum, a wuyansa yake fara faɗawa.

HANYOYIN DA TAKE SHIGA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagogin da aka fi sani guda huɗu ne.

Na farko shi ne saƙon imel mai ɗauke da fayil. Akan aiko shi da kamannin takardar biyan kuɗi, ko ta ɗaukar aiki, ko ta tallafin karatu, mutum yana buɗe fayil ɗin manhajar ta zauna. Ta haka ake yaɗa irin su Agent Tesla, wadda ke naɗe kalmomin sirri tana aika wa mai ita. A cikin Nuwamba 2020 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol tare da 'yan sandan Nijeriya suka kama mutum uku a Legas bisa zargin suna cikin wani gungu da ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a kan kamfanoni da hukumomin gwamnati a ƙasashe fiye da 150. Ashe ke nan ba daga ƙetare kaɗai ɓarayin suke ba.

Na biyu shi ne manhajar sata, watau Windows ko Office ko wata manhaja wadda aka fasa mata kulle domin a yi amfani da ita ba tare da an biya ba. Abin da ake fasa kullen da shi yakan nemi a kashe antibairos tukuna, a kuma ba shi cikakken iko a kan kwamfuta. Wanda ya yarda da haka ya miƙa makullin gidansa ga wanda bai sani ba.

Na uku shi ne tsohon Windows wanda aka daina yi wa gyara. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP ran 8 ga Afrilu 2014, da Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Duk kafar da aka gano a cikin tsarin da aka daina gyarawa, a buɗe za ta zauna.

Na huɗu, wanda ya fi shafar wannan yanki, shi ne filashi. A da can Windows yakan kunna manhajar da ke kan filashi da kansa da zarar an soka shi. Microsoft ya hana wannan a Windows 7 cikin 2009, ya kuma aika da gyaran ga tsofaffin tsare-tsare a Fabrairu 2011. Sai masu ɓarna suka sauya dabara. Manhajar takan ɓoye takardun da ke kan filashi, ta ajiye shotkat a madadinsu, watau wata 'yar alama mai ƙaramar kibiya a gindinta, wadda ke ɗauke da sunan filashin ko na foldar mutum. In ya danna, takardunsa su buɗe kamar yadda ya saba, amma a bayan fage manhajar ta riga ta sauka cikin kwamfutar. Kada wani ya raina wannan hanya. A cikin 2008 filashi ɗaya da aka soka a wani sansanin sojan Amurka a Gabas ta Tsakiya ya shigar da wata manhaja mai suna Agent.btz cikin kwamfutocin ma'aikatar tsaronsu, suka yi wata 14 suna fama kafin su share ta.

LABARIN PLUGX DA MATSAYIN NIJERIYA

Akwai wata ɓarauniyar ƙofa mai suna PlugX wadda masana suka sani tun 2008. A wajen 2020 aka ƙara mata dabarar yaɗuwa ta filashi. A cikin Maris 2023 kamfanin tsaro na Sophos ya ba da labarin ganinta a ƙasashen da ke nesa da juna ƙwarai: Papuwa Niyu Gini, da Mongoliya, da Zimbabuwe, da Gana, da Nijeriya. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta danganta wannan nau'i ga wani gungun masu kutse da ake kira Mustang Panda, wanda ta ce gwamnatin Sin ce ke ɗaukar nauyinsa.

Yadda take aiki abin lura ne. Takan zo da wata manhaja ta halal mai ɗauke da sa hannun kamfanin da ya yi ta, ta ajiye gurɓataccen fayil kusa da ita, ta yadda in an kunna ta halal ɗin ita da kanta za ta ɗauko gurɓataccen ta kunna. A kan filashi takan fake cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna RECYCLER.BIN. A cikin kwamfuta kuwa takan rubuta sunanta a jerin abubuwan da Windows ke tayarwa duk lokacin da aka kunna shi, sa'an nan ta zauna tana dakon kowane sabon filashi da za a soka, ta hau shi. Har wa yau takan tattara takardun ofis ta ɓoye, domin ko kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba a iya fitar da sirrinta a kan filashi.

Daga baya masu ita suka yi watsi da adireshin intanet ɗin da take kira. A cikin Satumba 2023 wani kamfanin tsaro na Faransa mai suna Sekoia ya sayi adireshin a kan dala 7 kacal, ya zauna yana sauraron masu kira. Abin da suka gani ya ba su mamaki. Kullum adireshi 90,000 zuwa 100,000 ne ke kira, cikin wata shida kuma suka ƙirga kimanin miliyan 2.5 daga ƙasashe fiye da 170. Da suka buga sakamakon a Afrilu 2024, Nijeriya ce a kan gaba a jerin ƙasashen. Ya kamata a fahimci cewa adireshi ba daidai yake da kwamfuta ba, domin ofis guda yana iya fita da adireshi ɗaya, kwamfuta ɗaya kuma tana iya sauya adireshi sau da yawa. Duk da haka lissafin ya isa ya nuna inda cutar ta fi kama ƙasa.

Wani zai ce, tun da ɓarawon ya tafi, ina abin damuwa? Amsa ita ce ƙofar tana nan a buɗe, kuma duk wanda ya mallaki adireshin shi ne sabon mai ita. An riga an ga haka. A ƙarshen Nuwamba 2017 hukumar FBI ta Amurka da Europol ta Turai, tare da Microsoft da ESET, suka rushe cibiyar wata manhaja mai suna Andromeda, wadda ita ma filashi take bi. Amma a Janairu 2023 kamfanin Mandiant ya bayyana cewa wani gungun leƙen asiri mai suna Turla ya sake yi wa wasu tsofaffin adireshinta rajista, ya bi ta cikinsu ya shiga kwamfutoci a ƙasar Yukuren. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ita PlugX tana da wani umarni na goge kanta. A cikin Yuli 2024, gab da wasannin Olimfik na birnin Faris, hukumomin shari'a na Faransa suka fara aika wannan umarni ga kwamfutocin da suka kamu. A Janairu 2025 FBI ta ba da sanarwar ta yi haka ga kimanin kwamfuta 4,258 a Amurka da izinin kotu. Sai dai maganin da ake aikawa daga nesa ba ya kaiwa ga filashin da ke cikin aljihu ko cikin durowar tebur. Wannan aiki ne da sai mai filashi ya yi shi da hannunsa.

GUSAU, TSAFE DA BUNGUƊU

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama mahaɗar takardu. Nan ma'aikatu suke, nan ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyar da sana'o'i, kuma a cikin 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, tana da sakatariyar ƙaramar hukuma da kwalejin koyon aikin lafiya. Bunguɗu tana kan hanyar Sakkwato, ita ma da tata sakatariya da makarantu. Tsakanin waɗannan garuruwa uku jerin sunayen ma'aikata, da sakamakon jarrabawa, da kundin bincike na ɗalibai suna yawo kullum, kuma inda kuɗin data ya yi tsada ko sabis ya yi rauni, filashi ne ɗan aike.

A ɗauki misali. Wani akawu ya shirya jerin albashi a sakatariya, ya sa a filashi, ya hau mota zuwa Gusau. Ya tarar firintar ofishin da ya je ba tawada, sai ya tsallaka shagon buga takardu, inda tun safe ɗalibai suke ta soka nasu filashin a kwamfuta ɗaya. Aka buga masa, ya koma ofis, aka kwafi fayil ɗin. Washegari ya koma garinsu, ya soka filashin a kwamfutar sakatariya, da dare kuma ƙaninsa ɗalibi ya ara. Cikin kwana biyu filashi ɗaya ya shiga kwamfuta huɗu, ba kuwa wanda ya yi nufin sharri a cikinsu.

Mutanen jihar ba za su manta da Satumba 2021 ba, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sai a farkon Oktoba aka maido wa Gusau sabis, sauran wurare suka ƙara jira. Darasin da ke cikin irin wannan hali ga mai kwamfuta shi ne rashin intanet ba kariya ba ce. Kwamfutar da ba ta samun intanet antibairos ɗinta ba ya sabuntawa, ga shi kuma kowace takarda sai ta filashi za ta fita. Manhaja irin PlugX tana yaɗuwa a lokacin ba tare da ta bukaci sabis ba, ta jira ranar da layi ya dawo ta yi kira.

Abin da ke cikin hatsari kuwa ba kaɗan ba ne. Jerin albashi yana ɗauke da sunaye, da lambobin asusu, da lambobin waya, wani lokaci har da lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa. A jihar da masu garkuwa da mutane suke neman sanin wanda ke da abin hannu, takardar da ta nuna albashin kowa da garin da yake aiki ba ƙaramin sirri ba ce. Ga ɗalibi kuma akwai kundin da ya yi shekara yana rubutawa, da kalmar sirrin shafinsa na makaranta, da asusun da iyayensa ke turo masa kuɗi.

ALAMOMIN KAMUWA

Alamar da ta fi bayyana ita ce takardun filashi su koma shotkat, ko a buɗe filashi a tarar da alama ɗaya mai sunan filashin kansa. Bayan wannan akwai antibairos ya mutu ya ƙi tashi, ko a umarci Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli ya ƙi, ko data ta riƙa ƙarewa ba a san dalili ba, ko fitilar kyamara ta kama da kanta, ko abokai su sami saƙon da mutum bai aika ba. Amma a kiyaye, ƙwararriyar ɓarauniyar ƙofa ba ta nuna alama ko ɗaya. Saboda haka kwamfutar da aka tabbata an soka mata gurɓataccen filashi an danna shotkat, a ɗauke ta a matsayin wadda ta kamu.

MATAKAN CIREWA

Mataki na farko, a raba kwamfutar da intanet nan take, a kuma daina soka mata filashi. Da haka an yanke igiyar da ke tsakanin rabin ciki da rabin waje.

Na biyu, in ta ofis ce, a sanar da shugaba da jami'in kula da kwamfutoci, a rubuta rana da abin da aka gani. Kada a yi gaggawar goge ta kafin masana su duba, domin abin da ke ciki shaida ce, kuma shaidar ce za ta kāre ma'aikacin in an zo bincike. Ya kamata shugabanni su sani cewa ofishin da ake hukunta wanda ya kawo rahoto, ofis ne da za a riƙa ɓoye cuta.

Na uku, a sauya makullai. A nemi wata kwamfuta ko waya mai tsabta a sauya kalmomin sirri, a fara da na imel, domin ta imel ake sake saita sauran. A fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, a kunna tabbatarwa mai hawa biyu, a sanar da banki in an taɓa shiga asusu a kwamfutar. Wanda ya sauya kalmar sirri a kan kwamfutar da ta kamu ya miƙa wa ɓarawo sabon makulli ne.

Na huɗu, a ceci takardu. A kwafi rubuce-rubuce da hotuna kaɗai, a bar duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da exe, ko dll, ko lnk, ko vbs, ko js, ko scr. Hanya mafi aminci ita ce a tayar da kwamfutar da tsarin Linux, kamar Ubuntu, daga kan filashi mai tsabta, domin manhajar da aka yi wa Windows ba ta tashi a can, ɓoyayyun foldodi kuma sukan fito fili.

Na biyar, a bincike ta daga waje. Manhajar da ta riga ta zauna tana iya rufe wa antibairos ido muddin Windows yana aiki. Shi ya sa Windows 10 da 11 suke da Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfuta ya yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya tashi. Akwai kuma Microsoft Safety Scanner, wanda ake saukewa kyauta a kwamfuta mai tsabta, amma yakan daina aiki bayan kwana 10, sai a sauko da sabo. Mai ɗan sani yana iya ƙarawa da Autoruns, mai nuna duk abin da ke tashi tare da Windows, da TCPView, mai nuna manhajar da ke kiran waje da inda take kira.

Na shida, a san iyakar bincike. Antibairos yana cire abin da ya gane, amma ba ya iya ba da tabbacin abin da ɓarawo ya shigo da shi ta ƙofar kafin a toshe ta. Saboda haka kwamfutar da ake aikin albashi, ko jarrabawa, ko bayanin majiyyata da ita, maganinta shi ne a goge babban faifanta ƙaƙaf, a ɗora sabon Windows wanda aka sauko da shi daga shafin Microsoft a kan kwamfuta mai tsabta, a sabunta shi, sa'an nan a bincike takardun da aka ceto kafin a mai da su.

Na bakwai, kuma a nan ne aka fi yin sake, a wanke filashi. Masu gyara da yawa sukan yi amfani da umarnin attrib su fito da ɓoyayyun takardu, mai filashi ya tafi yana murna. Umarnin nan yana ɗage mayafi ne kawai, manhajar tana nan inda take. Abin yi shi ne a kwashe takardun, a yi wa filashin fomatin. Kuma lalle ne a yi wa duk kwamfutoci da filashin ofis a rana ɗaya, har da na gida da katin ajiya na waya, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Filashi guda da aka manta a aljihun riga ya isa ya mai da aikin mako guda baya cikin minti ɗaya.

RIGA-KAFI DA HUKUNCIN DOKA

Riga-kafi ya fi magani. Kowane ofis yana iya yi wa kansa zaure, watau a ware kwamfuta ɗaya, wadda ba ta ɗauke da sirri, aka kuma sabunta antibairos ɗinta, ta zama nan kaɗai ake soka filashin da ya zo daga waje. Kwamfutar albashi da ta jarrabawa a toshe musu kafofin filashi. Ma'aikaci ya yi aikin yau da kullum da asusu marar cikakken iko, domin manhajar da ta shigo ta hannunsa iyakar ikonsa take samu. Ɗalibin da zai buga takarda ya tura ta ga mai shago ta imel ko ta WhatsApp, in kuwa dole sai filashi, ya ware ɗaya domin haka, ya yi masa fomatin duk sa'ad da ya dawo. A ajiye kwafin muhimman takardu a wuri biyu. A umarci Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan kowane fayil. Wanda kuma ba shi da kuɗin sayen Office, akwai LibreOffice kyauta, babu bukatar manhajar sata.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba da yaɗa muguwar manhaja da gangan, ta kuma wajabta kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT, wadda ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Dokar Kāre Bayanan Jama'a ta 2023 kuwa ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin sanar da hukumar kāre bayanai cikin sa'o'i 72 in an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Wannan ya shafi ma'aikatu da makarantu kamar yadda ya shafi bankuna.

KAMMALAWA

An bayyana cewa ɓarauniyar ƙofa daga ciki take buɗewa, cewa filashi ne babban abin hawanta a wannan yanki, kuma cewa ko ɓarawon farko ya tafi ƙofar tana jiran na biyu. An kuma jera matakan cirewa, waɗanda ginshiƙinsu uku ne: a toshe ƙofa, a sauya makullai, a wanke duk filashi a rana ɗaya. Ba ɗaya daga cikinsu da ke bukatar kuɗi mai yawa. Abin da suke bukata shi ne akawun Tsafe, da mai shagon Gusau, da ɗalibin Bunguɗu su gane cewa filashi ya riga ya haɗa gidajensu da katanga ɗaya. Takardun da ke cikin kwamfutar ofis amanar jama'a ce, kuma tsare amana wajibi ne a kan wanda aka danƙa wa.

Allah Ya ba da ikon kiyayewa.